Dutsen Niƙan Zaliha

Ranar da Almustafa ya fara ganin Zaliha, sai da ya taɓa mutuncin ubanta kafin ya san sunanta. Ba da gangan ba ne, Allah ya sani. Wasu mutane haka bakinsu yake, kullum yana riga hankalinsu isa wuri.

Ranar kasuwar Tawa ce, shekara huɗu bayan samun mulkin kai. Almustafa yana aiki da masu binciken ƙasa, waɗanda ake aikawa daji su duba inda ruwa yake da inda ma'adinai suke. Bayan ya gama lakwal, wato makarantar boko, wani Anasara masanin duwatsu ya ɗauke shi, ya yi shekara uku yana bin sa, har ta kai ba ya iya wuce dutse bai duƙa ba. Ko ina za ka gan shi da jakar fata, da ƙaramar guduma, da ɗan gilashin dubawa rataye a wuya kamar laya.

Kusa da 'yan tukwane ya tarar da rumfar duwatsun niƙa, jajaye, kowane da ɗansa a kai. Ko sallama bai yi ba ya tsuguna, ya murza ɗaya da babban yatsa, ya kafa masa gilashi.

Wata murya ta ce, "Saye za ka yi, ko lafiyarshi kake dubawa?"

Bai ɗaga kai ba ya ce, "Wanga dutse rairai ne da ya manne da juna. Duba yadda yake zuba a hannuna. Duk wadda ta yi niƙa bisa shi, da gari da rairai za ta tuƙa. Wanda ya sassaƙa shi gwani ne, amma shi dutsen..."

Nan ya ɗaga kai, nan kuma maganar ta tsaya masa. Budurwa ce doguwa mai wushirya, ta riƙe ƙugu, tana yi masa irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga rumbu.

Ta ce, "Ƙarasa mana. Babana ne ya sassaƙa shi. Shekara talatin Tawa na cin tuwon dutsenshi, ba mu ji wanda ya mutu ba."

Can bayan rumfar wani dattijo yana zaune a kan tabarma, ya ji komai. Shi ne Ciɗo, uban Zaliha. Ya dai dubi saurayin tun daga hula har takalmi, ya ci gaba da tauna goronsa a hankali, da gefe ɗaya na baki, yadda ya saba cin komai.

Almustafa ya ba da haƙuri cikin in'ina, ya bar wurin yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma kasuwa ta gaba sai ga shi. Ya sayi ɗan dutsen niƙa guda, shi da ba shi da mata ba shi da uwar dutsen. Kasuwa ta uku ya sake sayen wani.

Zaliha ta ce, "Malam Tsakuwa, gidan naka ginin duwatsu ake yi? Ko ko rairan ne ka ji ya yi maka daɗi?"

Ya ce, "Mai rumfar nike zuwa gani. Duwatsun nan kuɗin ƙofa ne."

Ta juya masa baya wai tana gyara kaya, amma ya ga kafaɗarta tana rawa don dariya. Daga ranar sunan Malam Tsakuwa ya bi shi, shi kuma ya yanke nata ya koma Zali.

Hirarsu ba irin ta sauran samari ba ce. Wasu na kai wa 'yan mata turare da zobe, shi kuwa sai ya zazzage jakarsa a bakin rumfa, lokacin da Ciɗo ya tafi sallar azahar.

"Kada ki yarda da bayan dutse, Zali, rana da iska sun ɓata shi. Fasa shi ki ga cikinshi. Sannan ki auna nauyinshi a hannu. Sannan ki karce shi da wuƙa."

Ya kankare wani fari, ya matsa lemun tsami a kan garin, sai ga 'yan ƙananan kumfa.

"Kin gani? Wanga na farar ƙasa ne, shi ke cike da tuddan Adar. Laushi gare shi, ba shi niƙa. Na Baba ja ne, ya fi shi ƙarfi, sai dai yana zubar da rairai."

Ta harare shi. "Ka koma ke nan."

"Ban koma ba. Ina son in ce maki akwai wani can Abzin, gaba da Agadas. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, wuƙa da ƙyar take yi mishi zane. Sau ɗaya na taɓa riƙa shi, ban manta ba."

"Kamar yadda za ka manta da ni in ka tahi."

"Ke ai ban ko riƙa ki ba, kuma ga shi na kasa barci."

Ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce Allah ya shirye shi. A ranta kuwa ta riga ta gama yanke shawara, son shi take yi, ba kaɗan ba.

To, akwai wata al'ada ta Ciɗo da duk unguwarsu ta sani. Aikinsa na sayarwa a ƙofar gida yake yin sa, ƙarƙashin aduwa. Amma dutsen da ɗiyarsa za ta tafi da shi gidan miji, wannan a tsakar gida yake sassaƙa shi, ya koɗa shi da hannunsa. Bai taɓa buɗe baki ya ce wa mai neman aure "na ba ka" ba. In maƙwabta suka ji ƙarar makoɗi daga cikin gida, sun san an ba da ɗiya. Haka aka yi wa yayyen Zaliha biyu, kuma ba ɗiyar Ciɗo da za ta fita ba dutsenta.

Da Almustafa ya aika kawunsa Alhusaini neman izini, Ciɗo ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ni ba ni yi wa ɗiya dole. Amma wanda ya rena dutsena a tsakiyar kasuwa, hannuna ba shi koɗa dutsen gidanshi. In yana da wanda ya fi nawa, shi kawo mu gani."

Hajaratu, uwar Zaliha, ko a jikinta, don ita da ma tana da nata ɗan takarar. Yunusu ne, ɗan kasuwar da ya kafa injin niƙa a bakin kasuwa, mai ƙarar da ke korar jakuna. Saurayi ne mai tsabta, mai agogo, ya iya gaisuwa. Kullum maganar Hajaratu ɗaya ce: "Ni na ƙare ƙuruciyata a durƙushe gaban dutse. Ɗiyata ta auri mai inji ta huta." Dangin Yunusu suka ce za su zo neman amsa da zarar an gama girbi.

Ana cikin haka aka tura su Almustafa Abzin, aikin wata huɗu. Ya zo sallama da la'asar, suka tsaya a bakin zaure, ita daga ciki shi daga waje.

Ta ce, "In anka gama girbi ba ka zo ba, ban san abin da zan ce wa Inna ba. Baba ba shi yi mini dole, amma ba ni iya zama a gida ina ɓata ran uwata har abada."

"Zan zo, Zali."

"Kowa haka yake cewa."

"Ni ba kowa ba ne. Ni ne wawan da ya sayi 'ya'yan dutse bakwai."

Ta yi dariya da hawaye a idonta, ta shige gida da sauri don kada ya gani.

Wata biyu shiru. Gero ya yi kai, ya fara nuna. Rannan sai ga Rissa, Ba'abzinen da ke yi wa masu binciken ja-gora, ya zo Tawa sayen guzuri. Ya tsaya a rumfa ya miƙa wa Zaliha ƙullin tsumma da takarda. Da ma tana zuwa ajin yaƙi da jahilci na mata, ta iya karatun boko daidai gwargwado. Ta ɓuya bayan tukwanen maƙwabciya ta karanta, tana bin layi da yatsa.

"Zuwa ga Zali, sanyin idona.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai kewarki da ta hana ni jin daɗin shayin Rissa.

Ga dutsen da na ba ki labari. Anasara na ce mishi bazalt. Wuta ce ta haife shi. Tun zamanin da ba mutum a nan, ƙasa ta buɗe baki ta yi aman narkakken dutse, ja zur, ya kwarara kamar kunu. Da ya sha iska sai ya daskare da sauri, shi ya sa ƙwayoyinshi ƙanana ne, ido ba shi ganinsu, kuma sun kama juna ba su zuba. Ramukan da kike gani kamar fuskar masar da anka toya, iskar da ke ciki ce ta nemi hanyar fita lokacin da yake tafasa. Amfaninsu shi ne, in fuskar dutsen ta cinye, sai wasu ramukan su buɗe daga ƙasa da sabon kaifi. Ba shi son koɗa kullum, kuma ba shi sa rairai a gari. Ana farfasa shi a zuba a hanyar mota, ana kafa tushen gini da shi, in ya ruɓe kuma ƙasarshi na da albarka ga shuka.

Na zaɓi wanga da hannuna don ya yi daidai da tafinki. Ki riƙe shi ki tuna da ni. Ni ma haka nike, tun ranar da na gan ki nike tafasa.

Naki har kullum,
Malam Tsakuwa."

Zaliha ta karanta sau uku. Ta ɓoye dutsen da takardar a ƙasan akwatinta, cikin zanen salla.

Uwa kuwa ba a ɓoye mata abu a ɗakin da ta share shekara da shekaru. Hajaratu ta lura ɗiyarta ta rage cin abinci, in Yunusu ya aiko a kira ta sai ta ce kanta ke ciwo. Ran nan tana neman allura a akwatin sai hannunta ya taɓa ƙulli. Ta kwance. Baƙin dutse mai huji-huji, kamar an ƙona shi, ga takarda a naɗe tare da shi. Ita ba ta karatu, don haka ta yafa mayafi ta nufi wurin mai ilimin da ta fi yarda da shi, wato Yunusu.

Kai, Yunusu bai kyauta ba. Ya karanta takardar a zuci tun daga sama har ƙasa, kishi ya turnuƙe shi. Da ya buɗe baki sai ya tsinto abin da yake so kawai.

"Inna, cewa ya yi wuta ce ta haifi dutsen, daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, inda ba mutum. Ya ce ta riƙe shi a hannu ta riƙa tuna shi. Ni dai ban ce komi ba, amma kin san wa ke zama inda ba mutane."

Hajaratu ta dawo gida tana salati. Ba ta yarda ta sake taɓa dutsen da hannu ba, a cikin ludayi ta ɗauko shi, ta kife a gaban Ciɗo.

"Malam, ga abin da ya hana ɗiyarka cin tuwo. Dutsen iskoki yaron nan ya aiko mata. Da ma na ce mutumin da ke yawo yana tsintar duwatsu a jaka ba banza ba."

Zaliha ta durƙusa tana kuka. "Wallahi Inna ba asiri ba ne. Ku bari in karanta muku duka."

"Rufe mini baki. Wadda anka yi wa asiri ai ba ta sani."

Ciɗo ya ce daga yau Zaliha ta bar zuwa rumfa. Dutsen kuma shi da kansa zai kai shi bayan gari ya jefar. Ya yi bisimilla ya ɗauka. Sai hannunsa ya ɗan yi ƙasa, don nauyin ya fi girman. Ya sake auna shi a tafi, ya jefa a aljihu, ya fita.

Kwana biyar Zaliha tana cikin baƙin ciki. Ta rasa rumfa, ta rasa dutsenta, uwarta na yi mata turaren tsari safe da yamma har idonta ya yi ja. A rana ta shida da hantsi aka aike ta kai wa ubanta fura ƙarƙashin aduwa. Ta zo ta bayansa ba ta yi motsi ba, sai ta gan shi a duƙe, ya zuba 'yan ƙwayoyin dawa a kan faifai, yana murza su da wani abu baƙi. A gefe ga wuƙarsa, bakinta ya dakushe.

Shekara talatin mutum yana fasa dutse, a ce ya jefar da wanda bai taɓa gani ba? Ai ko ita Hajaratu da ta yi tunani da ta san ba za a yi haka ba.

Ya ji inuwarta, ya rufe abin da tafin hannu. Suka dubi juna.

Ya ce, "Ban ce komi ba."

"Ban ji komi ba, Baba."

Ya sha fura, ya goge baki. Can ya ce, "Takardar tana nan? Ɗauko ki karanta mini wurin da ke maganar ramukan nan."

Ta ɗauko a guje. Ta karanta masa aman wutar, da daskarewar, da ƙwayoyin da ba su zuba, da ramukan da ke buɗe sabon kaifi. Ya sa ta maimaita wannan sau biyu. Farkon takardar da ƙarshenta kuwa ta tsallake su kamar rijiya.

Ciɗo ya ce, "Na ga takardar ta fi haka tsawo."

Ta sunkuyar da kai. "Sauran gaisuwa ce, Baba."

"Hm. Yaron na da yawan gaisuwa."

Bai mayar mata da dutsen ba. Kafin Rissa ya koma arewa, Zaliha ta ba maƙwabciyarta mai tukwane takarda ta kai masa. Rubutun a karkace yake, amma maganar a miƙe.

"Malam Tsakuwa,

Dutsenka ya ja mini turare da faɗa. Inna ta ce asiri ne. Baba bai ce komi ba, amma yana cikin aljihunshi. An fara yankan gero. Ɗa ba shi niƙa shi kaɗai, ka zo da uwar. Kada ka sassaƙa mini magana, ka zo.

Ina son ka, ko da kai ne sanadin ciwon kaina.

Zali."

Aka gama girbi, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbuna. Dangin Yunusu suka aiko cewa ranar Juma'a suna tafe. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, ba Almustafa ba labarinsa. Zaliha ta daina leƙen zaure, don duk leƙen da ta yi sai ta dawo da zuciya mai nauyi.

Ranar Litinin da azahar wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya a bakin unguwa, ta kasa shiga lungu. Mutum huɗu suka sauko da wani abu a cikin buhu, suna nishi, suka dire shi ƙarƙashin aduwa. Almustafa na biye, ya rame, ya yi baƙi, yatsunsa duk a ɗaure da tsumma. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban Ciɗo, ya yaye buhun.

Baƙin dutse ne, ƙatoto, ba fasali, ba fuska. Gefe ɗaya duk tabon guduma.

Ciɗo ya ce, "Wanga ne ya fi nawa? Ai ko kare ba shi kwanciya bisa shi."

Almustafa ya ce, "Baba, gaskiyarka. Biyu na ɗauko daga kan dutsen, kwana biyu bisa raƙumin Rissa kafin mu kai hanyar mota. Na ce bari in sassaƙa da kaina in zo in burge ka. Na farko ya rabe biyu a hannuna. Wanga kuma ga abin da na yi mishi, ga abin da ya yi mini." Ya nuna yatsunsa. "Na san sunanshi, na san yadda anka haife shi, amma ban iya mai da shi dutsen niƙa ba. Ranar kasuwa na ce wanda ya sassaƙa naka gwani ne, sai bakina ya zarce inda ba a aike shi ba. Ka gafarce ni. Duk Adar ban san hannun da zai iya da wanga ba in ba naka ba."

Ciɗo ya tashi ya zagaya dutsen. Ya watsa masa ruwa, baƙin ya ƙara fitowa. Ya ƙwanƙwasa shi da guduma nan da can, yana kasa kunne. Ƙarar ta fito tsaf, ba alamar tsaga a ciki. Ya sa yatsa cikin ramukan. Sannan ya koma tabarmarsa.

"Bar shi nan, bai tare wa kowa hanya ba. Tahi ka nemi magani ka sa wa hannunka."

Shi ke nan abin da ya ce. Almustafa ya tafi bai san ko an karɓe shi ko an kore shi ba. Talata dutsen na nan a waje, Laraba yana nan, awaki na hawa suna sauka. Ciɗo na aikinsa a gefe kamar bai san da shi ba. Hajaratu ta fara jiƙa gero don furar baƙin Juma'a. Zaliha ta yi kuka har ta gaji, ta ce a ranta ta rasa shi ke nan, girman kan tsoho ya fi ƙarfin dutsen.

Ranar Alhamis da safe, rana ta ɗan ɗaga, tana ɗaki tana ninke kaya sai ta ji ƙara. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ta saba da wannan ƙarar tun tana goye, ba ta ko kula ba. Sai da aka yi kamar sau goma sannan hannunta ya tsaya. Ƙarar ba daga ƙofar gida take zuwa ba.

Ta ɗaga labule. Ga baƙin dutsen a tsakar gida, kusa da murhu, inda aka ajiye na yayyenta. Ga Ciɗo zaune a gabansa ya naɗe hannun riga, gumi na zuba. Ashe bayan sallar asuba ya kira maƙwabta biyu suka mirgino shi.

Bai dube ta ba ya ce, "Mi kike kallo? Kawo mini ruwa. Wanga abu taurin kai gare shi kamar mai shi."

Zaliha ta kawo ruwan, rabi ya zube a hanya don sauri. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba." Kafin azahar duk unguwa ta ji. Yunusu ma labari ya kai masa har gindin injinsa, kuma ranar Juma'a ba wanda ya zo. Furar Hajaratu maƙwabta suka sha.

Kwana goma sha ɗaya Ciɗo ya yi a kan dutsen. Ƙarfen sassaƙa biyu ya lalata, makoɗinsa na shekara da shekaru ya fashe. Daga gutsuren da ya fita ya gyara ɗan dutsen. Da ya gama, ya kira matarsa ya ce ta gwada, tunda ita ce ta fi kowa sanin niƙa a gidan.

Hajaratu ta zo tana ja da baya, ta yi addu'o'inta, ta zuba dawa. Ta tura sau ɗaya, sau biyu, sai hannu ya kama. Garin ya zubo fari, mai laushi. Ta murza shi a yatsu, ta ɗora a harshe, ta tauna.

Sannan ta juya ta dubi mijinta. "Malam, ashe shekara talatin rairai kake ba mu?"

Ciɗo ya ce, "Shi Allah ya ba Adar. Da shi na ciyar da ku."

"To, iskokin nan dai sun iya dutse." Ta share ido da gefen zane, ta ce wa Zaliha, "Ki ce wa yaron nan ya zo ya gaishe ni. Kuma wancan mai agogon, Allah ya isa karatun da ya yi mini."

Bayan wata guda aka ɗaura aure a ƙofar gidan Ciɗo, ƙarƙashin aduwa. 'Yan uwa suka zo daga Kalfu da Takanamat, Rissa ya zo da rawaninsa da butar shayinsa. Da aka tashi kai amarya, jaki guda aka ware wa dutsen, mata na guɗa a bayansa kamar shi ne angon. A ɗakin Almustafa kuwa 'yan kai amarya suka tarar da jajayen 'ya'yan dutse bakwai jere a gindin bango, suka yi ta tambayar amfaninsu. Zaliha na cikin lulluɓi tana dariya, ba ta gaya wa kowa ba.

Da aka watse ya ɗaga mayafin ya ce, "Zali, yau dai na riƙa ki."

Ta ce, "To sai ka yi barci, Malam Tsakuwa."

Ranar da ta fara girki, da hannunta ta niƙa dawa a kan baƙin dutsen, ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka. Almustafa ya ɗauki kwano ya kai wa surukinsa da kansa, ya zauna daga gefe.

Ciɗo ya wanke hannu, ya yanki loma, ya kai gefen bakin nan da ya saba, yana tauna a hankali, yana jiran abin da ya saba ji a haƙori. Bai ji ba. Ya sake yanka. A loma ta uku sai ya mai da ita ɗaya gefen, inda rairai ya fasa masa haƙori shekara ashirin da suka wuce, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya tauna da baki duka, ya haɗiye. Ya cinye tuwon tas, ya suɗe kwano.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan baƙin dutsen nan da aka aiko tare da takarda, ya miƙa wa Almustafa.

"Kai wa matarka kayanta, na riƙe mata ya isa. Ka ce mata tuwo ya yi." Ya ɗora hannu a kafaɗarsa. "Allah shi yi muku albarka, ɗana. Allah shi sa jikokina su ci tuwon dutsen nan da haƙoransu cikakku."

Almustafa ya ce amin, ya sa dutsen a aljihu, ya ɗauki kwanon ya nufi gida, inda Zali ke jiran jin abin da Baba ya ce.